Abin da ke hana bishiyar filamboyan yin fure

Masu lambu sun tattauna kan filamboyan, bishiyar nan mai jan fure wadda asalinta daga Madagaska ne. Me ya sa wata takan yi ganye shar, amma fure ko ɗaya babu?

Abin da aka fi nanatawa shi ne ban ruwa, kuma ni ma nan na fi ganin matsalar. Bishiyar tana son ta sha rani, ta kaɗe ganyenta da hunturu, sannan ta ɓarke da fure wajen Afrilu ko Mayu, gab da faɗuwar damina. Wadda ke tsakar gida ana kwarara mata ruwa safe da yamma ba ta ma san rani ya shigo ba. Idan ta girma, a janye mata ruwa da rani. Haka takin yuriya, ganye kawai yake ƙara mata.

Wasu suka ce a duba shekarunta: wadda aka shuka daga iri takan kai shekara 5, wata har 10, kafin ta fara. Inuwar gini ma tana hana ta, don rana take so tun safe.

Mai son rage rassa kuma ya bari sai furen ya zube.