Neman kalma: tibin da ba ya sa tari

Mai fassara: Salam. Gobe da ƙarfe 10 za a naɗi shirin rediyo na ranar tarin fuka, 24 ga Maris, ga shi kalmar "latent" ta tsaya mini a wuya. Na sa "ɓoyayyen tarin fuka". Ya yi?

Likita: Bai yi ba, Hajiya. Za a ɗauka mutum ne ke ɓoye ciwonsa. A wannan mataki ƙwayar tana jiki, amma garkuwar jiki ta killace ta: ba tari, ba zazzaɓi, ba gumin dare, ba rama, kuma ba a ɗauka daga gare shi. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne take taso wa a tsawon rayuwa, sai dai haɗarin ya fi yawa ga mai ƙanjamau ko ciwon suga. Ki ce "tibi mai barci".

Malamin Hausa: Tibi kuma? Da abinmu sai mun yi aro? Ai Bahaushe ya gama magana: wutar ƙaiƙayi. Sama toka, ƙasa garwashi. "Fukar ƙaiƙayi", shi ke nan.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Malam, a gafarce ni, fuka zalla ai asma ce a kunnen mutane. Sannan wutar ƙaiƙayi ci take yi a ƙasa, wannan kuwa a ɗaure take. Hanyar ganowa ma daban. Mai tarin mako 2 kakinsa ake sa wa a na'urar GeneXpert, cikin kamar awa 2 ta nuna ƙwayar, har da ko tana bijire wa maganin tarin fuka na rifampicin. Wanda ba ta tashi ba, kakinsa ba ya nuna komai. Sai gwajin jini, ko allurar fata a hannu, ƙasa da gwiwar hannu, a dawo bayan awa 48 zuwa 72 a auna taurin kumburin da milimita, ba jan wurin ba. Rigakafin tarin fuka na BCG ma kan sa gwajin fatar ya ruɗi mutum.

Malamin Hausa: Ku 'yan asibiti kun fi son abin da ya yi kama da Turanci. Haka harshe ke mutuwa.

Likita: Ranka ya daɗe, majiyyaci muke so ya gane. "Tarin fuka" ɗin ma ya gaza: yana kama ƙashin baya, yana sa kaluluwa a wuya, ba tari ko ɗaya.

Malamin Hausa: To da "barci" gara "kwantacce". Kwantaccen ciwo ba baƙon lafazi ba ne.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Na yarda, in dai ƙwayar aka jingina wa, ba tarin ba.

Mai fassara: Lokaci ya ƙure. Na rubuta "kwantacciyar ƙwayar tarin fuka", in ta tashi a ce "tarin fuka ya tashi".

Malamin Hausa: Ta yi tsawo. A je a haka, amma ban janye ƙaiƙayina ba.