Me ke lalata tsokar da aka aika gwaji?

Ɗalibar jinya: Assalamu alaikum. Malamai, ƙari aka ciro daga nono, amma sashen binciken tsoka ya ce samfurin ya lalace. Ina matsalar take?

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Galibi fomalin ne, wato ruwan maganin da ake tsoma tsoka a ciki don kada ta ruɓe, ya yi kaɗan. Ana son mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, yawansa ya ninka tsokar sau 10 aƙalla, a mazubi mai faɗin baki. Ruwan gishiri ba ya hana ruɓewa. Firiza kuwa, ƙanƙara ce ke farfasa ƙwayoyin halittar.

Likitan binciken tsoka: Gaskiya ne. Fomalin yana ratsa kusan milimita 1 ne a awa, don haka babban ƙari sai cikinsa ya ruɓe kafin maganin ya isa. A shafa tawada a gefunan ƙarin don a gane iyakar inda aka yanka, a tsattsaga shi tazarar milimita 5, a tsoma cikin awa 1 da cirewa. Ya jiƙa awa 6 zuwa 72, in ba haka ba sakamakon gwajin ER da HER2, wato alamomin da ake dubawa a ƙwayoyin kansar nono, na iya fita ba daidai ba, kuma a kansu ake zaɓar magani.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Don Allah a rubuta lokacin cirewa a takardar da ke rakiyar samfurin.