Muhawara: Shin rubutun tsutsa ya dace da aikin Hausa?

Mai maɗaba'a, Jidda: Assalamu alaikum. Ina da magana a gaban manya, kuma zan tsaya a kanta. Rubutun tsutsa, wato karkatattun haruffan boko masu 'yan ƙafafu waɗanda Turawa ke kira italik, bai dace da aikin Hausa ba, ado ne kawai. Makon jiya wani bawan Allah ya kawo mini katin walima da aka buga masa a wani shago, an rubuta "Ɗaurin Aure" a sama. Duk haruffan sun karkata gwanin sha'awa, amma Ɗ ta miƙe tsaye ita kaɗai, ta kuma fi 'yan uwanta kauri, domin salon haruffan ba shi da ita, sai kwamfuta ta aro ta daga wani salon. Kati ɗari uku suka tafi a banza.

Malamin makaranta, Makka: Wa alaikumus salam, Alhaji. Asarar ta taɓa ni, amma ban yarda cewa ado ne asalinsa ba. A shekarar 1501 aka fara buga littafi sukutum da shi, a birnin Benis na Italiya, lokacin da mai maɗaba'a Aldus Manutius ya sa Francesco Griffo ya sassaƙa masa haruffan da suka kwaikwayi rubutun hannun malaman zamanin. Waƙoƙin Virgil, mawaƙin Rum ta dā, ya buga da su a ƙaramin littafin da mutum zai riƙe a tafiya, kuma manyan baƙaƙensa ma a tsaye suke. Sai daga baya, cikin ƙarni na 16, aka riƙa haɗa shi da miƙaƙƙen rubutu domin ware suna ko baƙuwar kalma. Wannan aikin kuwa Hausa ta fi kowa bukatarsa, tun da rubutunmu cike yake da kalmomin Larabci da sunayen littattafai.

Hajiya mai katunan biki, Madina: Yaya Alhaji, ka bar jaki kana dukan taiki. Laifin na wanda ya zaɓi salon ne ba tare da ya gwada shi ba. Ni kafin in karɓi kowane salo sai na rubuta "Ɗan ƙanena ya ɓata" da manya da ƙananan baƙaƙe, in ga ko ƙugiyoyin sun karkata tare da sauran. Gentium da Charis, salon haruffa biyu waɗanda ƙungiyar SIL mai aikin harsuna ke bayarwa kyauta, suna da ɓ da ɗ da ƙ a tsaye da kuma a karkace. Na yarda cewa sun fi kama da haruffan littafi, ba su da dogayen jelar da amare ke so, amma ba su taɓa ba ni kunya ba.

Mai maɗaba'a, Jidda: Hajiya, na ji batun kati. To allon alhazai fa? Salon da matasa ke ɗaukowa irin na Bodoni da Didot ne, masu layi ɗaya mai kauri, ɗaya siriri kamar gashi. A fuskar waya suna da kyau, amma a rataye su a bakin tanti a Mina da tsakar rana, dattijon da ya gaji kuma idonsa ya yi rauni ba zai ga siririn layin ba, sai guntayen sanduna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake danna maɓalli ɗaya a karkatar da layin Larabcin da ke sama zuwa dama, alhali shi hagu yake tafiya.

Ɗalibin jami'a, Madina: Baba, a nan ina bayanka ɗari bisa ɗari, sai dai abin da maɓallin nan ke yi ba rubutun tsutsa na gaskiya ba ne, tura haruffa kawai yake yi. A na gaskiya kowane harafi an sake zana shi: harafin a yakan koma kamar na rubutun hannu, f kuma takan sauke jela ƙasan layi. Larabci bai gaji karkatarwa ba, domin yana da nasa hanyoyin, Naskhi ga jikin magana, Sulusi ga kanu, Diwani ga takardun girma. Diwani a fadar Usmaniyya ta Turkiyya ya girma, kamar yadda Ludovico degli Arrighi, wanda ya kyautata rubutun tsutsa a Rum wajen 1524, magatakarda ne a fadar Fafaroma. Shi ya sa nake ganin Diwani da rubutun tsutsa sun fi zama lafiya a kati ɗaya.

Mai maɗaba'a, Jidda: Allah ya yi maka albarka, ɗana. A kan allo ban janye ba, miƙaƙƙen rubutu mai kauri zan ci gaba da sa wa alhazai. Batun kati kuwa, Hajiya, ki turo mini naki da Diwani a sama, in buga shi a takarda mai sheƙi gobe bayan la'asar, in duba ko ƙugiyar ƙ za ta fito a ƙaramin layin adireshi.