Na karanta littattafai biyu kan Yaƙin Basasa, hankalina ya ƙi kwanciya

'Yar Fagge:
Assalamu alaikum. Cikin hutun nan na karanta There Was a Country na Chinua Achebe, na bi shi da ƙagaggen labarin Half of a Yellow Sun na Chimamanda Adichie. Na Achebe da biro a hannu na karanta shi: juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, zaman sulhu na Aburi a Ghana, ayyana Biyafara a 30 ga Mayu 1967, yunwar da ta cinye yara. Ina ja ina musu da shi, don a ganina bai ba kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa nauyin da ya kamata ba. Amma na biyun bai bar ni na yi musu ba. Da na zo kan kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo a Kano a 1966, da matar nan a jirgin ƙasa rungume da ƙwarya, kan 'yarta a ciki, kitson yarinyar ma bai warware ba, wallahi ajiye littafin na yi, ko tuwo ban iya ci ba. Sabon Gari fa nake ratsawa kullum. Me ya sa ƙirƙira ta fi girgiza ni a kan tarihi? Kuma ku yaya kuke karanta irin wannan ba ku ji kamar ku ake nunawa da yatsa ba?

Dattijon Kakuri:
Wa alaikumus salam 'yata. Achebe jakadan Biyafara ne lokacin yaƙin, don haka ki ɗauki littafinsa a matsayin shaidar mutum ɗaya. Shaida kuwa ana saurarenta ko da ta yi ɗaci. Mahaifina soja ne, yana cikin waɗanda suka yi ta ƙoƙarin tsallaka Kogin Neja daga Asaba zuwa Onica a 1967. Har ya rasu bai taɓa ba mu labarin ba. In aka kawo zancen sai ya ɗauki butarsa ya fita. Sai a littafi na san an kashe fararen hula a Asaba cikin Oktoban shekarar, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Malamar Adabi:
Tarihi yana ba ki adadi, labari kuma ya sa ki zauna gida ɗaya da mutum kafin a kashe shi. Kar ki manta kuma, a littafin Adichie, Muhammad, wani Bahaushe, shi ne ya yafa wa Olanna, 'yar ƙabilar Ibo kuma ɗaya daga cikin jaruman labarin, mayafi ya taimaka mata ta fice daga Kano.

'Yar Fagge:
Haka ne Malama, sai dai shi kaɗai bai wanke mini zuciya ba. Baba, Allah Ya jiƙan mahaifinka. Cikin abokansa na soja akwai mai sauran rai da zai yarda a zauna da shi a naɗi muryarsa? Ni zan zo Kaduna.