Masara ta yi araha a Zariya: nasara ce ko asara?

Ma'aikacin gwamnati, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Abin da na gani da idona zan faɗa. Tiyar masara da gero da shinkafa duk sun sauko a kasuwar Tudun Wada da ta Sabon Gari. Ku tuna wuyar da muka sha a 2024, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba. Yanzu albashina yana kai ni ƙarshen wata ba tare da na ci bashin mai shago ba. Ni a ganina gyaran da aka faro ranar 29 ga Mayu 2023, wato cire tallafin mai, da sakin naira kasuwa ta yanke darajarta da ya biyo baya, ya fara aiki. A 2022 kaɗai tallafin nan ya lashe sama da naira tiriliyan 4. A ƙara haƙuri, sauƙin zai iso kowa.

Manomi, Soba:
Wa alaikumus salam. Yaya, arahar da kake murna da ita a jikina aka yanko ta. Na sayi takin kamfa da yuriya da tsada, na biya kuɗin huɗa, na sayi maganin feshi, na biya 'yan ƙwadago noman farko da na biyu, na biya injin casa, na sayi buhuna, na biya motar da ta kai kayan kasuwa. Da kaka ta yi, sai na sayar da buhun masara kusan biyu kafin in haɗa kuɗin buhun taki ɗaya. Ka lissafa da kanka. Ba riba nake nema yanzu ba, uwar kuɗin nake nema.

Hajiya mai kaji, Samaru:
Allah ya mayar da alheri, ƙanena. Amma kar a manta da mu. Fiye da rabin abincin kaji masara ce. A 2024 mata da yawa da na sani sun rufe kejinsu, sun sayar da kaji suna tsakiyar ƙwai, don ba za su iya ciyar da su ba. Mai koko da mai tuwo-tuwo da mai waina duk sun rage kwaɓi. Akwai gidajen da a nan cikin gari sau ɗaya ake ɗora tukunya. Ni ba zan iya cewa saukar abinci laifi ba ce.

Malamin jami'a, Samaru:
Hajiya, babu mai cewa laifi ce. Abin dubawa shi ne ta wace hanya abincin ya sauko. Hanya ɗaya ita ce a buɗe ƙofa kayan waje su shigo, kamar yadda gwamnati ta sanar a Yulin 2024 cewa ta ɗauke harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Wannan yana saukar da farashi da sauri, amma kuɗin da manomi ya kashe yana nan yadda yake. Ɗaya hanyar ita ce gonar da ke ba da buhu ashirin ta koma ba da arba'in. A nan manomi zai sayar da araha kuma ya ci riba, Hajiya ta samu masara, ma'aikaci ya samu tuwo.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganin yana nan a ƙofar gidanmu. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru ta fitar da irin masara na SAMMAZ kala-kala, da wake na SAMPEA, da dawa ta SAMSORG. NAERLS mai kula da aikin malaman gona ita ma a nan take. Duk da haka abin da hekta ɗaya ke bayarwa a Najeriya bai cika wuce tan 2 na masara ba, alhali ingantaccen iri da isasshen taki suna iya ninka haka. Ƙanena na Soba, yaushe rabonka da ganin malamin gona a gonarka?

Manomi, Soba:
Malam, tun zamanin mahaifinmu. Yanzu mai sayar da magani a kasuwa shi ne malamin gonarmu.

Ma'aikacin gwamnati, Tudun Wada:
Malam, da girmanka, amma an gwada kare manomi ai. An rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, shinkafa ta yi tashin da ba ta sake dawowa ba. An kawo bashin manoma na Babban Bankin Najeriya, wato Anchor Borrowers, a Nuwambar 2015, mutane da yawa suka karɓa ba su biya ba. Kuma a 2023 da 2024 da hatsi ya yi tsada, ban ji manomi ko ɗaya ya ce a tausaya wa mai albashi ba. Naira 70,000 aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Buhun shinkafa ɗaya ya fi ta a wancan lokacin.

Ɗan kasuwar hatsi, Giwa:
Yallabai, bari in gyara maka wani abu, don a cikin kasuwar nake. Ƙaramin manomi bai ci tsadar nan ba. Shi da kaka yake sayarwa, masarar ko gama bushewa ba ta yi ba, saboda mai taki yana jiransa, ga kuɗin makaranta, ga auren da aka ɗage sai bayan girbi. Za ka gan shi da sassafe ya ɗauro buhu biyu a bayan babur, ya sayar a kan duk abin da aka taya. Idan damina ta yi nisa, rumbu ya ƙare, shi ne kuma zai dawo da kwano yana awo a farashin da ya ninka. Wanda ya ci tsadar shi ne mai kuɗin ajiya da sito. A wannan karon masu ajiyar ma sun kwana ciki, wasu jarinsu ya karye. Da akwai wurin ajiya amintacce inda manomi zai kai kayansa a ba shi takarda, ya karɓi ɗan bashi a kanta ya jira farashi, da rabin rigimar nan ba ta taso ba.

Baba, Kwarbai:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Na ga lokacin da auduga take da daraja a ƙasar Zazzau. Motoci suna layi a gidan gurzar auduga, ana ɗora dila a jirgin ƙasa. Masaƙar KTL ta Kaduna a 1957 ta fara aiki, wasu suka biyo ta, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata. A 1986 aka kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, aka ce mu yi haƙuri. Daga baya atamfar waje ta cika kasuwa da araha, wuta ta yi ƙaranci, masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har babbar masaƙar UNTL ta tsaya a 2007. Mai saye ya ji daɗin araha, ban musa ba. Amma manomin auduga ya daina shuka, kuma bai koma ba har yau. Sana'a idan ta mutu a hannun uba, ɗa ba ya gadonta. Abin da nake ji wa masara ke nan.

Ɗaliba, Gyallesu:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ni tambayata ga Yaya na Tudun Wada ce. An ce an cire tallafi don a yi wa jama'a aiki da kuɗin, kuma kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa duk wata ya ƙaru sosai. To ina ya shiga? Indunusiya ta ƙara kuɗin mai a 2005, amma a shekarar ta fara raba kuɗi kai tsaye ga gidaje kusan miliyan 19. Mu kuwa tun kafin a cire, a 2022, hukumar ƙididdiga ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskar lafiya da ilimi da muhalli da aikin yi. Litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Mai noman rani a bakin kogin Galma da man nan yake tayar da injin ban ruwa. Ko injin mai aiki da hasken rana aka ba su bashi a biya a hankali, da tumatir da albasa sun sauka da kansu.

Ma'aikacin gwamnati, Tudun Wada:
Ƙanwata, a kan kuɗin jihohi ina tare da ke, a tambaye su. Amma ban sauka daga maganata ba. Ƙasa ba za ta ci gaba da cin bashi tana biyan tallafin da masu motoci da masu fasa-ƙwauri suka fi amfana da shi ba. Kuma yunwar 2024 ba ta jiran a gyara iri da malaman gona, dole a yi abin gaggawa.

Malamin jami'a, Samaru:
Gaggawa ta halatta, Yallabai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a taɓa farashin abin da manomi ke sayarwa a bar na abin da yake saye. Muna da manyan kamfanonin yuriya a Legas da Fatakwal, har waje ake fitar da ita. Kuma a daina sauya doka bayan mutum ya riga ya zuba iri. Idan za a buɗe ƙofa, a faɗa tun kafin ruwan farko, kowa ya san abin da zai shuka.

Manomi, Soba:
Ni dai na yanke shawara. Damina mai zuwa, idan Allah ya kai mu, masarar ci kawai zan yi. Sauran gonar waken soya da dawa, don ba sa cin taki kamar ita.

Hajiya mai kaji, Samaru:
Subhanallah. Kai kaɗai ne, ko haka maganar take a wajenku?

Manomi, Soba:
Hajiya, a majalisarmu ta bayan la'asar ban ji wanda ya ce zai ƙara gonar masara ba. Masu haya ma wasu sun mayar wa masu gona gonakinsu. Idan kina da wurin ajiya da ɗan kuɗi a hannu, ki sayi ta shekara tun yanzu.