Jitar kamfanin PRS (Paul Reed Smith): ado ne kawai ko akwai murya?

Sabon Hannu: Jama'a, jitar PRS samfurin Custom 24 ta tsaya min a rai, musamman adon tsuntsayen nan da aka jera a wuyanta. Amma muryarta fa?

Tsohon Makaɗi: Ƙanena, tsawon tsirkiyarta inci 25 ne, tsakanin 24.75 na jitar kamfanin Gibson da 25.5 na jitar kamfanin Fender. Muryarta ba ta kai Les Paul ta Gibson kauri ba, ba ta kai Stratocaster ta Fender kaifi ba. Ni tsaka-tsakin nan ne ya saye ni.

Mai Fender: Ni kuwa shi ya hana ni saye. Ta cika tsafta, ba gishiri.

Yaya Babba: Haba malam! Shahararren makaɗin jita Carlos Santana da PRS yake kiɗa, ka ce ba gishiri? Sabon Hannu, fara gwada samfurin SE na PRS, ya fi araha.