Yarona ɗan SS1 na neman babbar waya, in saya ko in ƙyale?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Yaron shekararsa 14, yana wata makarantar kuɗi a Tudun Wada, Zariya. A WhatsApp malamansu ke tura aikin gida, shi kuma da wayar uwarsa yake dubawa, kullum sai an yi rigima. Da asuba yana hadda, da yamma Islamiyya. Naira dubu 90 na ware. In saya masa tasa ko in bar shi da ta uwar?

Sani Mai Waya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Dubu 90 za ta sayi ta hannu mai kyau a shagunan waya na PZ, amma a duba batir da wurin caji kafin a biya. Kada a miƙa masa sai an sa Family Link, manhajar Google da iyaye ke sa ido kan wayar yara da ita. Ka sauke ta a wayarka, ka haɗa ta da asusun Google na yaron. Daga nan kake yanka masa awannin yini, ka sa wayar ta kulle kanta da dare, kuma ba zai sauke wata manhaja ba sai ka amince. Sai dai ba ta nuna hirar da yake yi. Layi kuma da NIN ɗinka za a yi rajista tunda bai kai 18 ba, duk abin da ya aikata sunanka zai fito.

Maman Ilham: Wace ta hannu a dubu 90? Mai kyau ba ta kasa dubu 130 a Sabon Gari.

Auwal Kwangila: Hajiya, sun ga mayafi mai tsada ne. Sabuwar itel ma ba ta kai haka ba. Alhaji, saya masa rakani-kashi ta dubu 12, batir kwana huɗu, ba TikTok, ba hawan jini.

Malam Nuhu: Ku bar maganar kuɗi. Akwai wani maraya a layinmu, uwarsa dambu take sayarwa. Kawunsa ya saya masa waya don karatu. Wata uku ba a ga komai ba, ashe cacar ƙwallo yake yi. Da naira 100 ya fara, ya ci dubu biyu, shi ke nan. Shi ke duba wa uwar kuɗin da masu saye suka tura, don haka lambar sirrinta na hannunsa. Yana cira yana goge saƙon banki. Ranar da ta je fitar da kuɗin adashen matan layi, ta tarar ba ko sisi. Keken ɗinkinta ta sayar ta biya. Yaron ya gudu tashar mota, sai bayan kwana tara aka gano shi. Har yau ba ta iya haɗa ido da matan nan.

Maman Ilham: Innalillahi. Ba a kai shi wajen mai unguwa ba?

Malam Nuhu: An kai. Duka aka yi masa, ya ƙara ɓuya. Da tun farko ta canza lambar sirri, tana karɓar bayanin asusunta duk wata, da ba a kai nan ba.

Sista Rabi: Duka ba ya cire caca, ƙarya yake koya wa yaro. Abin da za a fara lura da shi barci ne. Ɗan shekara 14 na buƙatar awa 8 zuwa 10. Mai tashi biyar na asuba, tara ta yi masa a shimfiɗa, wayar kuma ta kwana ɗakin iyaye. In yaro ya daina cin abinci da 'yan'uwansa, ya bar ƙwallon da yake so, yana gyangyaɗi a Islamiyya, abin ya wuce mako biyu, a zauna da shi ba a gaban ƙannensa ba. In ya ambaci gajiya da rayuwa, a kai shi sashen masu lura da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ran nan, kada a jira.

Sani Mai Waya: Ƙarin bayani, hana data ba ya hana komai. In ba wuta ya kai caji shago, nan ake tura musu bidiyo ta manhajar Xender ko a cika musu memori. A yi caji a gida.

Alhaji Garba: Sani, kai da ko aure ba ka yi ba, kai za ka koya mana tarbiyya? Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada a saya.

Sani Mai Waya: Baba, da girmanka, amma wayoyin 'ya'yanku a teburina ake buɗe su.

Auwal Kwangila: Sani ya san sirrin rabin Zariya, shi ya sa ba a ba shi mata.

Malam Nuhu: Wasu iyayen da JAMB ake ruɗarsu. Gaskiya tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta, amma waya ba ta koya wa yaro madannan kwamfuta. A, B, C, D ne na zaɓen amsa, N ya ci gaba, P ya koma baya. Zama biyar a wurin koyon CBT, wato jarrabawa a kwamfuta, ya isa, kuma sai ya kai SS3.

Baban Khalifa: Na gode. To aikin gidan fa?

Maman Ilham: Ni aikin gidan ma shi ne damuwata. Wa ya ce su tura ta WhatsApp? Mun biya kuɗin littattafai, mun biya na kwamfuta, kuma kuɗin data ya tashi tun 2025. Malami ya ɗauki hoton allo ya turo goma na dare, rabi ba ya karantuwa.

Malam Nuhu: Hajiya, malamin da kuɗinsa yake sayen datar. Ki tambayi nawa ake biyansa.

Alhaji Garba: A taron PTA ake wannan magana. Ku nawa ne kuka je na zangon da ya wuce?